Bangon da Ya Faɗi a Tirwun

Farfesa Yagana ba ta ɗaukar waya a cikin aji. Duk wanda ya yi karatu a sashen zanen gine-gine na jami'ar ya san haka, don shekara ashirin da bakwai ke nan tana koyarwa a wurin, kuma ɗaliban da ta kora daga aji a kan waya ba su ƙirguwa. Amma ranar wata Alhamis ta watan Agusta, da wayar ta yi ruri karo na huɗu a cikin jakarta, sai ta ajiye alli ta duba. Matta ce, unguwarzomar da ke riƙe da ɗan asibitin haihuwa na Tirwun.

"Mama, bangon baya ya faɗi," in ji Matta, muryarta a dishe. "Tun jiya bayan la'asar, ana cikin ruwan nan. Waya ba ta shiga, sai yanzu."

"Wa ya ji rauni?"

"Ba kowa. Mata biyu ne a ciki, mun fitar da su da muka ga ruwa ya kai gwiwa. Ɗaya tana kan gwiwa ma, a gidan maƙwabcinmu Obadiya ta sauka. Amma Mama, ki zo. Mutane suna ta magana."

Yagana ta sallami ajin, ta ɗauki makullin mota.

Asibitin nan nata ne ta duk wata fuska in ban da takarda. A unguwar Ɗan Iya aka haife ta, mahaifinta mai zanen taswira ne a wani ofishin gwamnati, kuma ita kaɗai ce mace a ajinsu tun daga shekarar farko har ta ƙarshe. Da ta zo yin digiri na uku, sai ta bar gine-ginen gilashi da kowa ke rububi, ta shiga lungunan Ƙofar Wambai da ma'aunin zafi a jaka. Bazara uku ta yi tana rataya shi a soraye da zauruka na ƙasa, tana rataya wani a ɗakunan bulo da kwano, tana rubuta abin da ta gani sa'a bayan sa'a. A nan ta haɗu da Malam Ɗanlarai, magini ɗan magini, wanda ya fara da korar ta daga bakin aikinsa, ya ƙare da koya mata yadda ake gane ƙasar gini da ɗanɗano da murzawa a tafin hannu. A kowace takarda da ta buga sai ta sa sunansa kusa da nata. Abokan aikinta suka laƙaba mata "Farfesar laka". Tana ji, ba ta tanka ba. Ta kai matsayin farfesa a makare, bayan wasu da ta koyar sun riga ta.

Shekara shida da suka wuce matan Tirwun suka zo mata da kuka, cewa haihuwa na kama su a cikin keke a kan hanyar gari. Ta zana musu asibiti mai ɗaki huɗu. Ta kawo injin hannu na matsa tubali daga sashensu, aka haƙo jar ƙasa a wurin, aka surka ta da siminti kaɗan. Maza suka fasa dutse suka zuba harsashi, mata suka yi ta ɗebo ruwa, Malam Ɗanlarai kuwa, yana da shekara saba'in a lokacin, shi ya ɗora kowane layi da hannunsa ko a gaban idonsa. A tsakiyar zafin Afrilu, mai jego kan nemi mayafi a cikin ɗakunan nan.

Da ta iso Tirwun ta tarar da mutane cincirindo a bayan asibitin. Suka dare suka ba ta hanya, amma ba wanda ya gaishe ta da fara'ar da ta saba. Ta ji wani yana cewa a bayanta, "Dama ginin ƙasa ai sai a hankali."

Ta tattare zani ta shiga taɓo. Bangon yana kwance a ƙasa gaba ɗayansa kamar ƙyauren da aka cire, har tagar tana jikinsa. Ta durƙusa ta shafa tubalan. Ko ɗaya bai narke ba. Ta leƙa inda harsashin yake, sai ta ga rami ya fi tsayin mutum, ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin duwatsun ya bar su a rataye.

Wannan bai yi mata daidai a kai ba. Akwai kwari a can gaba, taki arba'in daga asibitin, wanda ke kwashe ruwan duwatsu ya kai rafi, kuma ita da kanta ta auna ta sa ginin a kan tudu nesa da shi. Ta bi sawun ruwan da ƙafa, Matta na biye da ita. Ba su yi nisa ba ta tsaya cik.

Katangar bulo ce sabuwa fil, tsayinta ya yi mutum biyu, ta ratsa kwarin daga wannan gaɓa zuwa waccan. Babu kwalbati, babu ko kafar da ɓera zai bi. Ruwa ya zo ya daki katangar, ya rasa hanya, ya juya ya bi gindinta, ya yanka ta cikin gonar masarar Obadiya, ya faɗa wa bayan asibitin.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Wata uku ke nan, Mama. Rukunin gidaje ne na Alhaji Hammajoda. Na je na yi wa leburorin magana, suka ce mai zanen ya san abin da yake yi."

"Ni me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Matta ta sunkuyar da kai. "Na kira sau biyu, aka ce kina Zariya duba jarrabawa."

Gaskiya ne. Wata huɗu rabonta da Tirwun. Wannan ya ƙara mata zafi a ƙirji, don babu wanda za ta yi wa tsawa a kansa. Ta zagaya ta bakin ƙofar rukunin, inda aka kafa allo mai hoton gidaje jajayen rufi. A ƙasan sunan kamfanin an rubuta sunan mai zanen. Ta karanta sau biyu. Mansir.

Kafin ta kai gida wani gidan rediyo ya riga ya sa labarin. Tana tuƙi ta ji mai gabatarwa yana cewa ginin laka da wata farfesa ta yi gwaji da shi a kan talakawa ya rufta, Allah ne kawai ya kiyaye rayukan mata masu ciki. Ta kashe rediyon da ƙarfin da ya sa makunnin ya fita a hannunta.

Washegari da hantsi ta shiga ofishin Mansir ba tare da ta jira sakatariya ta yi mata iso ba. Mansir ya fi kowa hazaƙa a cikin duk waɗanda suka bi ta hannunta. Ita ta duba aikinsa na ƙarshe, ita ta rubuta masa takardar da ta kai shi karatu waje, ita ta je ɗaurin aurensa da kwalin atamfa. Yana ganinta ya miƙe, ya zagayo tebur ya rusuna.

"Ma, sannu da zuwa. Ga kujera."

"Hatiminka ne a kan zanen katangar nan?"

Ya dubi ƙasa. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta huci.

"Tambayarka nake yi, Mansir."

"Nawa ne, Ma." Ya buɗe wani dogon aljihun tebur, ya zaro takarda ya warware. "Amma ki ga na farko. Wallahi ki duba. Na bar wa kwarin mita goma sha biyu, na sa kwalbati mai baki uku. Alhaji ya gani ya ce wurin da na bar wa ruwa fuloti uku ne. Ya ce in ban gyara ba, akwai mutum goma a bakin ƙofa da za su sa hannu kafin azahar."

Ta duba zanen. Aiki ne mai kyau, irin wanda da a aji ne za ta liƙa a bango ta ce kowa ya zo ya gani.

"Ashe ka sani. Da jahilci ne da na ce laifina ne, ban koyar da kai ba. Ka san inda ruwan zai bi, ka san abin da ke gabansa, ka ɗauki biro ka goge."

"Ma, ina da ma'aikata tara a nan, kowa da iyali."

"Matar da ta haihu a tabarmar Obadiya ita ba ta da iyali? Da bangon ya faɗi ciki maimakon waje, yau gawa nawa za ka ƙirga mini? Ka ji abin da ake faɗa a rediyo? Ka ji sunan wa ake ja a ƙasa?"

"Na ji, Ma. Ban ji daɗi ba."

"Ba jin daɗinka na zo nema ba. Ranar Litinin kwamitin bincike zai zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Ka zo da takardar nan, ka faɗi abin da ka faɗa mini."

"In sha Allahu, Ma."

Ta dube shi har sai da ya kau da kai, sannan ta fita.

Ranar Litinin ta biya ta Ƙofar Wambai ta ɗauki Malam Ɗanlarai. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula zanna, ya shiga mota da ƙyar saboda gwiwa. Ya riga ya ji rediyon. Da suka kusa Tirwun sai ya ce, "Tubalin ya narke?"

"Ko ɗaya, Baba."

"To alhamdu lillahi."

An jera fararen kujerun roba a ƙarƙashin darbejiya. 'Yan kwamitin su biyar suna bayan tebur, robobin ruwa a gabansu, shugabansu wani darakta ne daga wani ofishin gwamnati, mai gilashi a kan karan hanci. Alhaji Hammajoda ya iso a makare cikin shadda ruwan toka, ya bi kowa ya gaisa da hannu biyu, har ya rusuna wa Yagana ya kira ta "uwarmu Farfesa". Ta duba bayansa. Babu Mansir.

Alhaji ne ya fara magana, a hankali, cikin ladabi. Ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, ruwan bana kowa ya shaida ba a taɓa ganin irinsa ba. Ya ce shi maƙwabci ne yanzu, kuma ba zai ga matan unguwa cikin wahala ya kau da kai ba. Saboda haka, fi sabilillahi, zai rushe abin da ya rage ya gina sabon asibiti na bulo da siminti, da tayil a ƙasa, da fanka a kowane ɗaki.

Wurin ya ɗauki kabbara. Yagana ta juya ta dubi masu yin ta. Akwai waɗanda suka fasa dutse da ita a cikinsu. Akwai waɗanda matansu suka haihu sau biyu, sau uku a ɗakunan nan.

Darakta ya gyara gilashi ya ce a kira maginin. Malam Ɗanlarai ya miƙe yana dogara sanda.

"Baba, kai ka yi ginin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kana da takardar shaida?"

"Takardar me?"

Wasu samari a baya suka tuntsire da dariya. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya rufe baki da hankici.

"Takardar da ke nuna ka koyi gini a makaranta. Ka san ƙarfin siminti? Ka san lissafin nauyi? Ko dai haka nan kake ɗora ƙasa a kan ƙasa, a sa matan mutane a ciki?"

Tsohon ya tsaya yana kallonsa. Ya juya a hankali, ya ratsa kujeru, ya nufi bakin titi.

Yagana ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Dama ta sa Obadiya ya ɗauko mata tubali ɗaya daga bangon da ya faɗi, yana ajiye a gindin kujerarta. Ta sunkuya ta ɗauke shi da hannu biyu, ta taka har gaban teburin, ta ɗaga shi daidai kanta, ta sake shi. Teburin roba ya tsage gida biyu. Robobin ruwa suka watse, takardu suka faɗa ƙasa, darakta ya yi baya da kujerarsa har hularsa ta faɗi. Tubalin ya gangara ya tsaya a gaban takalminsa, ko gefensa bai ɓantare ba.

"Ga takardarsa nan," in ji ta. "Ka ɗauka ka karanta. Kwana biyar yana cikin ruwa da taɓo. Mutumin da ka wulaƙanta yanzu, akwai soron da ya ɗaure a Ƙofar Wambai tun kana tsumman goyo, har yau ɗigo ɗaya ba ya zuba. Ofishin da kake zaune a ciki shekara nawa da gina shi, sau nawa aka canza masa rufi? Kun zo bincike, waye a cikinku ya taka ya je bayan asibitin? Waye ya ga ramin? Waye ya ga katangar? Ku duba takalmanku, ko ɗigon taɓo babu!"

"Farfesa, ki kama kanki," in ji darakta yana lalubar hularsa.

"Ba zan kama ba! Shekara ashirin da bakwai ina kama kaina. Ku tashi mu je. Taki arba'in ne, ba Makka ba ne."

Ta juya kan Alhaji Hammajoda. "Kai kuma, Alhaji, ka toshe wa ruwa hanya, ya rushe musu asibiti, ka zo kana raba musu sadaka da bakinka. In ka gina na tayil ɗin a nan, katangarka tana inda take, baɗi shi ma a cikin ramin nan za a tsince shi."

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, uwarmu. Ni ɗan kasuwa ne, ban san zane ba. Abin da masana suka zana mini shi na gina."

A nan Obadiya ya miƙe. Dattijo ne gajere, Hausarsa ta koyo ce, bai saba magana a taro ba. "Ni ban san boko," ya ce. "Amma shekara talatin ina noma wurin nan. Ruwa yana bi kwari, yana tafi rafi. Bana ne ya shiga gonana. Masara duka ya kwanta. Farfesa ya faɗi gaskiya."

Biyu daga cikin 'yan kwamitin suka bi ta har bakin katangar. Darakta ya ce ƙafarsa na ciwo. Da ta dawo ta nemi Malam Ɗanlarai, aka ce ya tari keke ya koma gari.

Bayan mako uku rahoton ya fito. Shafi huɗu ne. Ya ɗora laifin a kan yawan ruwan sama da raunin kayan gini na gargajiya, ya ba da shawarar a daina amfani da su a gine-ginen jama'a. An ambaci katangar a layi ɗaya, cewa za a duba. An ba da sakin layi guda cur ga rashin ladabin da wata malamar jami'a ta nuna wa kwamiti.

Yagana ta karanta a tsaye a ofishinta. Ta kira Mansir sau shida a ranar, bai ɗauka ba. Sai ta kwashi na'urar awo ta koma Tirwun, ta yi kwana huɗu tana auna gangaren ƙasa daga gindin duwatsu har rafi, ta ɗauki hotuna, ta karɓi bayanin Matta da na Obadiya a rubuce. Sannan ta zauna ta rubuta ƙara zuwa ga hukumar da ke ba masu zanen gini lasisi. Hukumar ba ta da iko a kan 'yan kasuwa ko daraktoci. Mutum ɗaya kawai take iya kamawa, wanda hatiminsa ke kan takarda. Ta rubuta cikakken sunansa da lambar lasisinsa, lambar da ita ce ta sa hannu aka ba shi.

Ba a yi kwana goma ba Hajiya A'i, mahaifiyar Mansir, ta yi sallama a gidanta na Ɗan Iya da yamma. Dattijuwa ce mai sayar da ƙuli da man gyaɗa, da su ta yi wa ɗanta karatu bayan rasuwar ubansa. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a kan darduma.

"Farfesa, na zo roƙo ne. Yaron nan ɗanki ne. Ni na haife shi, ke kika mai da shi mutum. Kwana uku ba ya cin abinci."

"Hajiya, don Allah ki hau kujera."

"Ba zan hau ba sai kin ce kin janye. Ya yi kuskure, ya sani. Ki kira shi ki zage shi, ki mare shi ma, ba mai hana ki. Amma ki kai shi gaban hukuma? Shi Alhajin da ya sa shi fa? Shi yana nan yana shan iska, ba abin da za a yi masa."

"Shi ba ni na koyar da shi ba."

"To don kin koyar da yaro sai ki kashe shi?"

Yagana ta sauko ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta ce, "Hajiya, na je har ofishinsa. Na ce ya zo ya faɗi gaskiya, magana ta ƙare a nan. Ya ce in sha Allahu. Yana zaune a cikin sanyi aka tsayar da tsoho ɗan shekara saba'in da shida a gaban yara ana yi masa dariya a kan laifin da ɗanki ya san nasa ne. Ina da ɗalibai ɗari biyu yanzu, duk sun san wanda ya zana katangar nan, duk suna kallona. In na janye, na gaya musu ke nan hatimi abin sayarwa ne. Ba zan janye ba."

Hajiya A'i ta share ido da gefen mayafi, ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Allah ya sa ki ga irinsa a kan naki." Yagana ta daɗe zaune a kan dardumar.

A watan Nuwamba aka saurari ƙarar. A can ne Mansir ya fito da zanen farko, da lauyansa ya nuna masa shi kaɗai zai rage masa hukunci. An dakatar da lasisinsa shekara ɗaya da rabi. Da takardar ta shiga hannun hukuma, sai ga leburori wata safiya sun fasa gindin katangar sun zuba kwalbati mai baki uku, ba sanarwa, ba ban haƙuri. Alhaji Hammajoda bai sake zancen asibitin tayil ba.

Wannan ne mutanen Tirwun da dama ba su yafe mata ba. Asibitin yana rufe wata bakwai. A wata na uku da rufewar, wata mata mai suna Fati ta kama naƙuda, aka sa ta a keke, kafin a kai gari jaririn ya koma. Yagana ta je ta'aziyya. Mijin ya amsa gaisuwarta a tsaye, ya ce, "Da kin bar Alhaji ya gina mana, da yanzu ɗana yana raye." Ta buɗe baki za ta ce Alhaji ba zai gama gini a wata uku ba, za ta ce ba ita ta toshe kwari ba, sai ta ga idon mutumin. Ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri," ta koma mota, ta riƙe sitiyari har yatsunta suka yi sanyi.

Da rani ya kama ta fara gyara. Waɗanda suka fito aiki ba su kai rabin na farko ba. Sau uku tana zuwa Ƙofar Wambai, sau uku Malam Ɗanlarai yana ce mata, "Na gama gini, Yagana. Ki nemi mai takarda." Ita da Obadiya da wasu magina biyu da tsohon ya taɓa koyarwa suka cike ramin da dutse, suka ta da bangon da tubalansa na da, waɗanda aka kankare ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta wa gidan rediyon ta ce su zo su ga abin da suka ce ya narke. Suka ce labarin ya tsufa. Ta rubuta wa ofishin darakta sau biyu ta nemi a gyara rahoton. Ba a amsa ba.

Ranar da za a buɗe asibitin, mai unguwa ya aiko mata cewa an gayyaci darakta ya yanke kyalle, kuma an tanadar mata kujera kusa da tasa. Ta ce wa ɗan saƙon ya gaya wa mai unguwa ta gode, a ba wa Obadiya kujerar. Ta juya mota ta nufi Ƙofar Wambai.

Ta tarar da tsohon a zaurensa, ya miƙe ƙafa a kan buzu. Suka gaisa. Ta ce, "Baba, yau Matta ta koma aiki."

"Madalla."

"Rahoton yana nan yadda yake. Sunanka yana ciki. Na rubuta, na sake rubutawa. Gobe zan rubuta na uku, in ba su amsa ba kotu za mu."

"Ke dai ba kya gajiya da faɗa." Ya murza gwiwarsa. Can ya ce, "Harsashin, zurfin nawa kuka yi masa?"

"Kamu uku, Baba. Dutse zalla."

"Ta gefen kwarin ma uku?"

"Uku."

Ya girgiza kai, ya ja tsaki. "Ta gefen kwari huɗu ake yi. Waɗannan yaran, sau nawa zan gaya musu?"